Idan an samo hujja ta hanyar da doka ta hana, me kotu ke yi da ita?

Duk sanda aka ji kotu ta sallami mutumin da unguwa ta riga ta tabbatar ɓarawo ne, magana ɗaya ce ke zagaya fadodin shayi na Maraɗi: kuɗi sun yi aiki. Ba zan rantse hakan ba ta taɓa faruwa ba. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika kawo shi a hira ba, kuma ya fi wuyar haɗiya. Yana yiwuwa mutum ya aikata laifin, hujja ta bayyana, amma hanyar da aka bi aka samo ta ta saɓa wa doka, alƙali kuma ya ga ba zai gina hukunci a kanta ba. Ga wanda aka yi wa sata wannan fami ne, kuma ya cancanci a yi masa bayani na gaskiya a kan yaushe doka ke yin haka, yaushe kuma take karɓar hujjar duk da aibinta.

A ce an sace wa ɗan kabu-kabu babur a unguwar Zariya ta Maraɗi, ana zargin wani saurayi. Ana iya gano babur ɗin saboda ƴan sanda sun faɗa gidan su yaron da tsakar dare ba tare da izinin kowa ba. Ana iya gano shi saboda an yi wa yaron duka a ofis har ya faɗi inda ya ɓoye shi. Ana kuma iya gano shi saboda mai babur ɗin da kansa ya naɗi muryar yaron a salula, a ɓoye, yana cinikin sayarwa. Babur ɗaya ne, yaro ɗaya ne, amma a idon doka waɗannan al'amura ba ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su shi ke sa mutane su riƙa gardamar da ba ta ƙarewa.

Dokar da ke tsara shari'ar laifuka a Nijar ta samo asali daga 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai, kuma a kan ta Faransa aka ɗora ta. An yi mata gyare-gyare tun daga lokacin, amma ginshiƙinta yana nan: ana iya tabbatar da laifi da kowace irin hujja, alƙali kuma yana yanke hukunci bisa abin da zuciyarsa ta natsu da shi, matuƙar an kawo hujjar gabansa an yi muhawara a kanta. Ko amsa laifi ma ba ta ɗaure alƙali, hujja ce kamar sauran, yana iya yarda da ita yana iya ƙi. Wannan saki da aka yi yana sa wasu su zaci komai na shiga. Ba haka abin yake ba. Doka ta buɗe ƙofa ga ire-iren hujja, amma ta kafa wa jami'an gwamnati sharuɗɗan yadda za su nemo ta, kuma idan suka ƙetare sharaɗi mai nauyi, ana soke wannan aikin binciken, a cire takardarsa daga fayil, alƙali ya yi kamar bai taɓa ganinta ba.

Binciken gida shi ne misalin da ya fi sauƙi. Mutane da yawa, saboda fina-finai, sun ɗauka dole jami'i ya nuna takardar kotu kafin ya shiga gida. A tsarinmu abin ya danganta da matakin da binciken yake. Idan laifi ne da aka kama dumu-dumu, ko yanzun nan aka aikata shi ana bin sawu, jami'in bincike na iya shiga ba tare da yardar mai gida ba. Idan binciken farko ne kawai, ba zafin laifi, sai mai gida ya yarda. Idan kuwa fayil ya kai hannun alƙalin bincike, da umarninsa ake shiga. A kowane hali akwai sharaɗin a yi binciken gaban mai gidan ko wakilinsa ko shaidu, kuma doka ta taƙaita fara bincike cikin dare sai a wasu keɓantattun halaye. To ko an saɓa, sokewa ba ta zuwa da kanta. Ƙa'idar da tsarin Faransa ya ginu a kai ita ce a duba ko saɓawar ta taɓa haƙƙin wanda ake tuhuma. Kuskuren kwanan wata a takarda ba zai kuɓutar da kowa ba. Fasa ƙofar mutum da ƙarfe 2 na dare ba dalili na doka kuwa, wannan ya taɓa shi kai tsaye. Kuma idan an soke aiki ɗaya, abin da ke faɗuwa tare da shi shi ne ayyukan da suka dogara a kansa. Shaidar wanda ya ga satar da idonsa tana nan daram.

Ƙasashe ba su taru a kan amsa ɗaya ba. Amurka ce ta fi tsauri, aƙalla a takarda. A 1957 ƴan sandan birnin Kilibiland suka kutsa gidan wata mata mai suna Dollree Mapp suna neman wani da ake zargi da tayar da bam, suka kaɗa mata wata takarda da sunan izinin kotu. Ba su sami abin da zai haɗa ta da bam ba, sai wasu littattafan batsa, aka yanke mata hukuncin ɗauri a kansu. A 1961 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe hukuncin, ta ce hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike ba ta shiga kotun kowace jiha. Suna da wata ƙa'ida kuma da ke cewa abin da haramtacciyar hujja ta haifa shi ma haramtacce ne. Dalilinsu shi ne ladabtar da ƴan sanda: wanda ya san wahalarsa za ta tashi a banza idan ya taka doka, gobe zai bi doka. Amma su ma sun yi ta buɗe kafofi. A 1984 kotun ta yarda da hujjar da jami'i ya samo da kyakkyawar niyya bisa takardar izinin da daga baya aka gano tana da aibi. A shekarar dai ta yarda da gawar wata yarinya a matsayin hujja, duk da an keta haƙƙin wanda ya nuna wurin, saboda masu nema sun riga sun doshi wurin, ko bai yi magana ba za a gano ta.

Ingila ta bi wata hanya, kuma ta nan abin ya shafi maƙwabtanmu. A zamanin dokar ta-ɓaci a Kenya, wasu ƙananan ƴan sanda da muƙaminsu bai kai na yin bincike ba suka caje wani mutum mai suna Kuruma a shingen hanya, suka ce sun same shi da harsashi 2, aka yanke masa hukuncin kisa. Da ƙara ta kai Landan, inda kotun ƙarshe ta ƙasashen da Ingila ke mulka take, hukuncin da aka wallafa a 1955 ya ce abin dubawa shi ne ko hujjar ta shafi batun da ake shari'a, yadda aka samo ta ba damuwar kotu ba ce. Gani ya kori ji ke nan. Kotun Ƙolin Najeriya ta bi wannan sawu a shari'ar Musa Sadau a 1968, aka daɗe a haka, har dokar shaida ta 2011 ta zo da sashe na 14 da na 15. Yanzu a Katsina ko Kano hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba tana shiga, sai fa idan alƙali ya auna ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Yana duba ƙarfin hujjar, da girman laifin, da munin saɓawar, da ko da gangan aka yi, da ko akwai halastacciyar hanyar da za a iya samo ta. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ya kamata ya san cewa buhun da aka caje ba bisa doka ba yana iya samun hukunci daban a kowane ɓangare na iyaka.

Ni a ganina, a batun binciken gida da cajin kaya, awo ya fi dacewa da halinmu. Ƙasar da ke fama da masu satar mutane a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji ba za ta saki wanda aka samu da bindiga da kuɗin fansa don an manta sa hannun shaida ba. Amma awon ya zama awo na gaske, jami'in da ya saba fasa gidajen talakawa da gangan ya ga fayilinsa ya rushe a gaban jama'a.

Duka da azabtarwa kuwa ba su shiga awo, kuma nan ne nake son a tsaya sosai. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 1998. Sashe na 15 na yarjejeniyar ya ce duk bayanin da aka tabbatar da azaba aka samo shi ba za a kafa hujja da shi a kowace shari'a ba, sai dai a kan wanda ya yi azabtarwar, don a nuna an yi. Ba a ware ɗan ta'adda ba, ba a ware mai garkuwa da mutane ba, ba a ware lokacin yaƙi ba. A 2020 kuma aka shigar da azabtarwa cikin dokar laifuka ta ƙasa a matsayin laifi mai zaman kansa.

Akwai masu cewa wannan tunanin Turawa ne da aka ɗora mana. Duk wanda ya zauna a zaure ya kai babin sata a Muhtasar na Shehu Halil ya san ba haka ba ne. Malamin, wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 14, ya ce sata na tabbata da iƙirari idan mutum ya yi shi da son ransa, in ba haka ba ba ta tabbata, ko da ya fito da kayan satar, ko ya nuna gawar wanda aka kashe. A lura da wannan ƙarshen. Bai tsaya ga jefar da maganar bakin wanda aka tilasta ba, har abin da maganar ta kai ga ganowa ya ce bai isa a tsayar da haddi ba, domin yana yiwuwa wani ne ya ajiye kayan, ko mutumin ya san wurin ba tare da shi ya aikata ba. Gaskiya ne an ruwaito daga Sahnun, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, sassauci game da wanda ya yi ƙaurin suna da ɓarna, malamai sun yi saɓani, amma abin da Halil ya tsayar shi ne wancan. Kotunan laifuka na Nijar ba da fiƙihu suke hukunci ba. Na kawo shi ne don a san cewa mazhabar da iyayenmu suka tashi a kanta ta riga ta yi wannan tunani tun kafin a kafa Amurka. Haka ma haramcin leƙen asirin mutane a Suratul Hujurat da haramcin shiga gidan wani ba izini a Suratun Nur, yaran makarantar allo ma suna karanta su.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu goyon bayan matsa wa wanda ake zargi ita ce ceton rai, kuma ba hujjar raini ba ce. Mahaifin da aka ɗauke wa ɗa aka shiga da shi daji, aka kama wanda ke kai wa ɓarayin abinci, ba zai saurari sashe na 15 ba, ni kuwa ba zan ga laifin zuciyarsa ba. Irin wannan ya faru a Jamus a 2002. Wani ɗalibin shari'a, Magnus Gäfgen, ya sace yaro ɗan shekara 11 a Farankfot, ya karɓi kuɗin fansa, aka kama shi. Mataimakin shugaban ƴan sandan birnin, yana zaton yaron na raye, ya ba da umarnin a yi masa barazanar azaba. Gäfgen ya nuna wurin, ashe tuni ya kashe yaron. Kotu ta jefar da duk bayanan da ya yi a hannun ƴan sanda, ta karɓi gawar da sauran alamomin da aka gano, shi kuma ya sake amsa laifinsa a gaban alƙali bayan an sanar da shi cewa maganganunsa na baya sun faɗi. Aka yi masa ɗaurin rai da rai. Jami'in ma aka same shi da laifi, ko da yake hukuncinsa mai sauƙi ne ƙwarai. A 2010 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce barazanar kaɗai ta keta haramcin wulaƙanta ɗan Adam, amma shari'ar ba ta lalace ba tun da a kan sabon iƙirarin aka gina hukunci. Ko mutanen da ke da kuɗi da kayan aiki sun ji nauyin tambayar. Amma ba su saki mai laifin ba, ba su kuma wanke jami'in ba.

Abin da ya sa na tsaya a kan haramcin ba tausayin ɓarawo ba ne kaɗai. Wanda ake duka yana faɗin abin da zai sa a daina ne, gaskiya ko ƙarya. In an tambaye shi su wa ke tare da shi, zai ambaci sunan da ya zo bakinsa: makiyayin da suka taɓa faɗa a kan gona, maƙwabcin da ke bin sa bashi. Gobe a ɗauko waɗannan, su ma su ambaci wasu. Da zarar an sami wanda ya amsa, bincike ya tsaya, a rufe fayil, in satar shanu ce, ainihin wanda ya kore shanun yana can yana shirin dawowa. Mai shanun ya ji daɗi kwana biyu, amma an cuce shi sau biyu ke nan. Sannan ƙauyen da aka ɗauke wa mutum marar laifi ba zai ƙara kai wa jandarma labari ba, alhali a yankin iyaka labarin mutanen ƙauye shi ne rabin tsaro.

Sai hujjar da ba jami'i ya samo ba, wadda salula ta mayar ruwan dare. Mace ta naɗi mijin da ke yi mata barazana, ɗan kasuwa ya ɗauki hoton saƙonnin WhatsApp daga wayar yaron shagonsa, wani ya naɗi ma'aikacin da ke neman cin hanci. A nan kotunan Faransa, waɗanda lauyoyinmu kan kafa misali da hukuncinsu ko da ba su ɗaure alƙalin Nijar ba, sun daɗe a kan cewa alƙalin laifuka ba ya jefar da hujjar da mutum mai zaman kansa ya kawo don kawai ta ɓoye ya samo ta. Yana sauraronta, ɗaya ɓangaren ya ƙalubalance ta, sannan ya auna ƙimarta. A 2012 aka tabbatar da haka a shari'ar attajira Liliane Bettencourt, wadda mai yi mata hidima ya naɗi hirarrakin gidanta a asirce. Mai hidimar kansa sai da aka gurfanar da shi a kan keta sirri, abin da ke nuna cewa karɓar hujjarka ba ya nufin ba za a tambaye ka yadda ka samo ta ba. Jami'an gwamnati kuwa an fi ɗaure su. A 2015 babbar kotun Faransa ta soke hujjar da aka samo ta hanyar ajiye mutum 2 a ɗakunan tsarewa maƙwabta da aka dasa wa na'urar naɗar murya don su yi hira su tona kansu. Haka idan jami'i ne ya zuga mutum ya aikata laifin da da ba zai yi ba. A gida Nijar, majalisar dokoki ta amince a 2020 da dokar sauraron wasu hanyoyin sadarwa saboda tsaro, ƴan adawa da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka soke ta a kan cewa izinin yana hannun ɓangaren zartarwa, ba alƙali ba. Wannan suka tana da tushe.

Bidiyon da ake yaɗawa a Facebook, na mutumin da jama'a ko ƴan banga suka ɗaure, fuska a kumbure yana cewa shi ne, bai kamata ya sami mafaka a ƙarƙashin wannan sassauci ba. Naɗar murya a ɓoye ba ta canza abin da mutum ya faɗa da son ransa, sanda kuwa tana canzawa. Kuma idan jami'i na tsaye yana kallo bai hana ba, yarjejeniyar da muka shiga ta lissafa yardarsa da shirunsa cikin abin da ke mayar da dukan azabtarwar hukuma.

Duk wannan a takarda yake. Inda shari'a ke yin kyau ko ta lalace shi ne awa 48 na farko, tsawon tsarewar bincike a laifuka na yau da kullum, wadda mai gabatar da ƙara na gwamnati ke iya tsawaitawa sau ɗaya. Laifukan ta'addanci suna da wa'adi mafi tsawo. Dokar Nijar ta ce a sanar da wanda aka tsare haƙƙinsa na ɗaukar lauya, rashin sanarwar kuma na jawo soke binciken. A da sai bayan awa 24 ake samun lauya, sai ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin kama shi. Doka ta kuma ce wanda za a miƙa wa mai gabatar da ƙara ya zo da takardar likita mai nuna ba a taɓa lafiyarsa ba. Tanadi ne masu kyau. Amma mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke, manomin Gabi ko Safo kuwa bai taɓa ganin lauya ba balle ya san kuɗinsa. Ana yi masa tambaya da Hausa, a rubuta da Faransanci, ya dangwala yatsa a takardar da ba zai iya karantawa ba. Ranar shari'a a karanto masa, ya ce ban faɗi haka ba, ko ya ce duka na sha, a tambaye shi ina shaida, alhali tabon ya warke a watannin da ya yi a gidan kaso yana jira.

Ga kuma tarkon lokaci. A wannan tsari, neman a soke aikin bincike yana da gurbinsa, ana tayar da shi kafin a shiga ainihin tuhuma. Wanda bai sani ba zai fara da rantsuwar bai yi ba, damar ta wuce shi. Mai hali, wanda lauyansa ya taso daga Yamai, shi ke cin moriyar ƙa'idar, kuma wannan ne ke ƙara wa mutane yaƙinin cewa kuɗi ne suka yi aiki. Ta wata fuska suna da gaskiya, ko da ba a ba kowa ko dala ba. Hukumar ANAJJ, da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, ita ce ƙofar da ya kamata dangin wanda aka tsare su ƙwanƙwasa tun ranar farko, su rubuta ranar da aka kama shi da lokacin, su kuma nemi likita ya duba shi idan sun ga alamar rauni.

Akwai gyaran da ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta tanadi a ɗauki amsa laifi a bidiyo, a kuma yi bayani gaban lauya ko wani mai shaida. Aiwatarwar a can tana da nata gibi, amma tunanin daidai ne, kuma duk ofishin jandarma a jihar Maraɗi akwai salular da za ta iya wannan aiki. Bidiyon zai kare jami'i mai gaskiya daga ƙazafi, ya adana maganar mutum da harshen da ya yi ta. Takardar likita kuma ta fito daga likitan da ya ga mutumin shi kaɗai, ya ɗaga rigarsa ya duba, ba wanda ya tsare shi tsaye a kansa. Idan wanda ake tuhuma ya ce an doke shi kuma akwai alama, nauyin nuna cewa da son ransa ya yi magana ya koma kan masu ƙara, kamar yadda ake yi a kotunan Najeriya, inda ake dakatar da shari'a a yi ƙaramar shari'a a kan iƙirarin kaɗai kafin a ci gaba. Alƙalin da ke zaune a kotun Maraɗi, tun da doka ta bar masa auna kowace hujja, yana da ikon fara yin wannan tambayar da kansa ko da wanda ke gabansa bai san yana da haƙƙin tayar da ita ba.